Taku Goma Sha Huɗu na Inna Ajuma

Tsakar gidanmu taku goma sha huɗu ce daga ƙofar madafa zuwa ƙofar waje. Shekarata tara a gidan ban taɓa ƙirgawa ba, don ban ga abin da zai sa mai hankali ya ƙirga tsakar gida ba. Surukata ce ta ƙirga, Inna Ajuma, uwar mijina.

Duk wanda ya girma a Dumega ya san ta, ko bai san sunanta ba ya san tafiyarta. Kusan shekara arba'in ta yi tana ɗauko nono a ka daga rugarsu zuwa cikin gari, awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi komawa. Doguwar mace ce siririya, ga sauri kamar an biyo ta. 'Yan matan rugar da suka kai jikokinta sukan roƙe ta ta dakata su huta, ita kuwa sai ta ce su iske ta gaba. Ba ta tsarma nono da ruwa, ba ta kuma yawon neman mai saye. Gidajenta sanannu ne, tun daga na Nana mai tuwo a bakin gari har na ƙarshe kusa da kasuwa, kuma kowane gida ya san lokacin da zai ji sallamarta. Haihuwa tara ta yi, shida suka rayu, kuma kowane ciki da shi take tafiyar nan har watan haihuwa. Da mijinta Mahmuda ya rasu, kwanakin takaba kawai ta zauna. Autanta Aminu ya riƙe shanu, ita ta koma kan hanya.

Mijina Abdurrazak shi ne ɗanta na fari, kuma a wurin mutanensu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ana yaye shi aka miƙa shi ga kawunsa a nan Dogon Dutsi inda muke zaune, wanda ya sa shi lakwal, makarantar boko, daga baya ya zaunar da shi a butiki, wato kanti. Ita kuwa tun daga nan ta huta da neman abin da za ta kira shi: “mai butiki” take cewa. Ko wani Abdurrazak ɗin daban aka ambata, sai ta ce “mai sunan wancan”. Shi kuma mutum ne mai bin wa'azi, wandonsa bai taɓa rufe idon sawu ba, kuma ya sha gaya mini cewa wannan kunya ba ta da tushe a addini. Amma ba hujjar ce take cinsa ba. Wata rana muna cin abinci ya ce da ni, shekararsa talatin da takwas, bai san yadda sunansa yake fita daga bakin uwarsa ba. Ya faɗa yana dariya, ni kuwa ban ga abin dariya a fuskarsa ba.

Ƙafafunta na fara gani shekara huɗu da suka wuce, da muka je rugar gaisuwar sallah, tana alwala ta ɗage zane. Jijiyoyi sun taso tun daga cinya har ƙauri, sun murɗe kamar igiyar guga. A ƙafar hagu, sama da idon sawu, fatar ta yi baƙi ƙirin. Nan ne daga baya gyambo ya ɓulle, ya yi shekara biyu bai rufe ba. Ta shafa man shanu, ta ɗaura ganye, ta barbaɗa toka. Wasu suka ce wani abu ta taka a gindin tsamiya, ta ce in dai iska ce to ita ma ta sha tafiya, don kullum tare suke zuwa Dumega. Da yamma ƙafar takan yi mata nauyi da ƙaiƙayi, sai ta ɗora ta kan turmi. Gari na wayewa ta ɗaure ta da tsumma ta ɗauki ƙwarya.

Da haka za a ci gaba, ba don wani mai dogon baki ba. Ya shigo butiki, cike da mutane, ya ce da mijina, “Alhaji, na ga tsohuwarka kasuwar Dumega, ƙuda na bin ƙahwatta.” Ranar nan Abdurrazak bai taɓa tuwona ba. Washegari ya tayar da mota ya nufi ruga, zai kai ta asibiti a Yamai.

Tunda ba za ta yi magana da shi ba, ta bakin Aminu aka yi cinikin. Ta tambaya, “Kwana nawa za a yi?” Aka ce uku. Ta wanke ƙoranta ta kife, ta aika wa Nana cewa jibi-jibin nan tana tafe, ta shiga mota.

Ban bi su Yamai a wannan tafiyar ba, amma na ji labarin daga bakin kowannensu. Lokotoron, wato likitan, Faransanci da Zabarmanci yake ji, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba, saboda haka ɗan fari ne ya zama tafinta. Lokotoro ya yi tambaya, ɗa ya juya ta da Hausa, uwa ta juya baya ta ba bango amsa. Har mutumin ya tambaya ko faɗa suka yi a hanya. Aka shafa mata wani abu mai sanyi, aka bi ƙafar da na'urar eko, irin wadda ake duba masu ciki da ita. Aka nuna musu babbar jijiyar da ta lalace, wadda jini ke komawa ƙasa ta cikinta ya taru maimakon ya hau. Aka ce za a rufe ta da allura, a tura wani magani mai kumfa ciki, ta manne. Inna ta tambayi bango, in an rufe, jinin ina zai bi? Aka ce akwai wasu jijiyoyin can ciki masu lafiya, su za su ɗauke shi. Ba a yanka ta ba, ba a kwantar da ita ba. Aka sa mata doguwar safa mai matsewa har cinya, ta fito da ƙafarta.

Lokotoro ya yi doguwar magana kafin su fita. Abin da ya iso kunnen Inna gajere ne: ta sha magani, kada ta cire safa, ta huta.

Ba rugar aka mayar da ita ba, gidanmu aka kawo ta. Ashe tun kafin su tafi ya sa an share ɗakin baƙi, an sa katifa mai kauri da fanka da kujerar roba. Ni kam na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka sati guda za ta yi, in yi mata hidima, in samu lada da suna. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da abin da yake faɗa: “Inna, kin huta. Allah ya ba ki ɗa.” Ta ce amin, tana kallon yatsun ƙafarta.

Aikin dai ya yi kyau, wannan ba a musu. Jijiyar nan ta kwanta, ta bar wani tauri a cinya mai ɗan zafi in an taɓa, da wani layi mai duhu a fata. Nauyin yamma ya tafi. Gyambon da ya gagari toka da ganye ya fara tsukewa daga gefe. Amma matar da aka yi wa aikin tana ta ramewa. Daga katifa sai kujera, daga kujera sai katifa, ƙafafu a rataye yini zubur, har idon sawun ya soma kumbura. In mijina yana gida ba ta fitowa, ba ta ci. Na dama mata fura da nonon gari, ta kurɓa sau ɗaya ta ture, ta tambaye ni ko saniyar da aka tatso tana da rai. Ranar da ta cika wata guda da kwana shida ina gyara mata safa, sai ta ce a hankali, “Ɗiyata, kwana ukkun nan ba su cika ba?”

Na yi dariya. Da na ɗaga kai na ga ba wasa take ba, kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Safar ce ta tona asiri. Ta fara saki, na shiga neman ordonansi, takardar magani, don a sayo wata, sai na tarar da wata takarda a ninke tare da ita. Ni ba wata mai zurfin karatu ba ce, a aji huɗu na kwaleji aka yi mini aure, amma wannan ko ɗan firamare zai karanta. Tafiya kullum, aƙalla rabin awa, tun daga ranar da aka yi aikin. Kada a daɗe a zaune ƙafa a rataye. A koma aikin da aka saba bayan 'yan kwanaki. Lokotoro har ja wa layin tafiyar ya yi da biro.

Na jira ya dawo daga azahar na ajiye masa takardar kusa da kwano.

“Malam, mi an nan?”

Ya duba, ya ci gaba da wanke hannu. “Na san da ita.”

“Ka san da ita, kac ce mata ta huta?”

“Rumaisa'u, tahiya ta kashe mata ƙahwa. Shekara arba'in. Shi lokotoro ya san tahiyar da takai? Shi tsammani shikai yawon shan iska na.”

“To ka bar ta ta tahi gida ta yi ta daidai.”

“Inna ta san daidai? Tana isa za ta ɗauki ƙwarya.” Ya ture kwanon. “Ina raye uwata ba ta koma yawo cikin rana ana nuna ta da baki. In tahiya ce, ga tsakar gida nan.”

Raina ya ɓaci, amma na san ba mugunta ba ce. Mutum ne da aka raba da uwarsa yana ɗan shekara biyu, yanzu ya same ta a ɗakin da ke kallon nasa. Da safe kafin ya fita yakan tsaya a bakin labulenta ya yi gaisuwa, ta amsa wa bango, shi kuma ya tafi butiki da fara'a kamar an ba shi kyauta.

Na gaya wa Inna abin da takarda ta ce. Ba ta zagi kowa ba. Ta miƙe ta fito, ta tsaya a ƙofar madafa, ta nufi ƙofar waje. Taku biyar ta yi ta fara tangaɗi, na ruga na tare ta, na ɗauka jiri ne. Ta ce ba jiri ba ne, kanta ne ba nauyi, ba ta iya tafiya haka ba. Ta sa na ɗauko babbar ƙwaryata ta wankin hatsi, ta cika ta da ruwa, ta naɗe gammo ta ɗora. Nan take bayanta ya miƙe, wuyanta ya tsaya. Ta je ta dawo ko ɗigo bai zuba ba. A ranar ce ta gaya mini taku goma sha huɗu ne.

Daga nan kullum da hantsi, in mai gida ya fita, sai ta ɗora ruwa ta kama hanya. Ina daka ko wanke-wanke ina jin ta tana magana ƙasa-ƙasa. Da farko na zaci tasbihi take, sai da na kasa kunne na ji hanyarta take bi. “Ga gawo mai kogo. Ga rijiya. Nan rairayi ya yi yawa, a bi gefe. Ga gonar mai gurgun jaki.” Ta kai bango ta juya, ta kai bango ta juya. Ba ta sauke ƙwaryar sai ta ce, “Salamu alaikum, Nana,” sannan ta zauna tana haki, fuskarta a sake. Kumburin ya sace cikin sati biyu. Ta fara cin abinci. Ni kuwa kallonta yana ƙona mini rai fiye da lokacin da take kwance.

Nan ne na yi abin da har yau nake cizon yatsa a kansa. Na ce da ita, “Inna, ki yi mashi magana da kanki.”

“Da wane baki?”

“Da naki. Sau guda ki kira sunanai. Wallahi na san mijina, ranar da kinka kira shi, ko mi kinka roƙa sai ya yi.”

Ta rufe baki da gefen zane kamar na yi batsa. “Ke ɗiyar birni ce, ba ki san abin da kike hwaɗi ba. Uwata ta mutu ba ta kira yayana ba. In na yi, da wane ido zan dubi matan ruga?”

“Su wa za su ji? Daga ke sai shi.”

Ta juya mini baya. Ni kuma ban bar maganar ba, don ina da naci, kuma na ɗauka wayo ne da ni. Duk bayan kwana biyu sai na sake tayar da ita.

Da wata uku ya cika, ranar komawa kwantrol wurin lokotoro ta zo, na ce ƙafata ƙafarsu. Aka sake bin cinyar da na'ura. Lokotoro ya juyo da allon yana murmushi, ya ce jijiyar ta rufe ruf, jini ba ya bi ta nan kuma. Gyambo ya warke, saura tabo. Ya ce duhun fatar zai iya ragewa, zai iya zama, kuma wasu ƙananan jijiyoyi kan iya tasowa nan gaba, in sun taso a dawo. Ban jira tafinta ba. Na tattaro Faransancina na kwaleji na tambaye shi ko za ta iya komawa tallar nononta, tafiyar awa uku a yini. Ya ce tafiya ai ita ce maganinta, naman ƙauri ne ke tura jini sama in ana takawa. Ta dai rage kaya, ta riƙa sa safa, in ta zauna ta ɗaga ƙafa. Na juya na faɗa wa Inna da Hausa, da ƙarfi, kalma bayan kalma, mijina yana tsaye. Ya karɓi takardu ya yi godiya.

Muka kamo hanya. Ni a gaba, Inna a baya. Muka wuce Doso, muka tsaya muka yi la'asar, muka ci gaba. Rana ta yi sanyi muka iso Kore Mai Ruwa, inda hanyar Tibiri da Dumega take rabuwa da kwalta. Ga motocin kasuwa a tsaye ana lodi, ga 'yan kabu-kabu a gindin bishiya. Ya rage gudu saboda mutane. Sai na ji murya daga baya, kamar ba tata ba.

“Abdurrazak.”

Ya taka birki har na dafa gaban mota. Ya gangara gefen hanya ya kashe. Bai juya ba.

“Inna, ke ce?”

“Ni ce. Ka sabke ni nan. Gida nike so.”

Ban taɓa ganin mijina yana kuka ba sai ranar, ko da kawunsa ya rasu bai yi ba. Ya kifa kai a sitiyari, kafaɗunsa na girgiza, har wata mai tallar gyaɗa ta leƙo ta koma. Ni ma na fashe da kuka, ina cewa a raina shi ke nan, an gama, ga hanya nan ta buɗe. Inna kuwa ta riga ta ɗora ƙullin kayanta a cinya, hannunta ɗaya a kan marfin ƙofa.

Ya share fuska da hula, ya juyo ya dube ta, ido cikin ido, abin da bai taɓa samu ba.

“Inna, shekara talatin da takwas nike jiran wanga. Yau kinka kira ni. Yau ɗin ne kuma zan kai ki daji in aje in juyo? Wallahi ba ni iyawa.”

Na ce, “Malam, ka ji abin da ta roƙa.”

Bai ma ji ni ba. Ya tayar da mota yana ta alhamdu lillahi, ya hau kwalta. Na waiga, na ga ta saki marfin ƙofar ta ja mayafi ta rufe fuskarta duka. Haka ta zauna har Dogon Dutsi.

Wata bakwai ke nan yanzu. Babu abokinsa da bai ba labari ba, a butiki da ƙofar masallaci, cewa mahaifiyarsa ta kira sunansa da bakinta. Labarin ya kai Dumega, ya kai ruga. Aminu da ya zo dubiya ya ce mata matan rugar suna ta mamaki, wasu na cewa zaman birni ne ya cire mata kunya. Ya kuma ce Nana ta daɗe tana tambaya, yanzu wata take kawo mata nono. Inna ta saurara har ya gama, ta tambaye shi lafiyar shanu. Ba ta sake kiran sunan ba, ba ta kuma sake roƙon kowa komai ba. Ni ma ba ta taɓa ce mini ga abin da shawarata ta jawo ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegarin zuwan Aminu ta wanke ƙwaryata ta kife a bakin madafa, ta ce, “Ki aje abinki, ɗiyata, na gode.”

Mata sukan zo su tambaye ni labarin aikin, masu irin ƙafarta, don sun ji an yi wa uwar Alhaji. Ina gaya musu gaskiya: jijiya ta rufe, gyambo ya warke, ba yanka, ba kwanciya. In sun ce to ina mai ƙafar, sai in nuna musu labule. Idon sawun ya fara kumbura kuma, ina ganinsa duk safiya in ina sa mata safa.

Jiya da hantsi na shiga na ce, “Inna, tashi mu ɗan taka, ko sau biyu ne.”

Ta ɗaga labule ta dubi ƙofar waje, ta dubi ƙofar madafa, ta sake shi.

“Sha huɗu na,” in ji ta. “Na riga na ƙirga.”